Ɗakin Aku

Aku ba tsuntsun Nijar ba ne. Ba a ganinshi bisa gawo, ba a ganinshi bisa kuka. Gidanshi kurmi ne, can kudu, inda ruwan sama ke zuba wata da watanni: kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon, Kwango, har gabas wajen Yuganda. Jikinshi ruwan toka ne, wutsiyarshi ja wur, bakinshi baƙi mai lanƙwasa. Yara da yawa sun san shi cikin littafi tun ba su gan shi da ido ba, don shi ne mai ba da labaru cikin Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam da aka fara bugawa a 1937. Amma akun littafi ba ya jin yunwa, ba ya jin ɗari, ba ya neman wurin kwana. Na gaske yana da ciki, yana da fukafukai, kuma wanda ya ajiye shi ya ɗauki nauyinsu duka.

A Damagaram, cikin unguwar Birni, akwai wata tsohuwa mai aku. Ba ita ta saye shi ba. Mijinta falke ne, ya daɗe yana zuwa fatauci Garwa da Ngaundare, cikin Kamaru. Daga can ya zo da shi, fiye da shekara 20 ke nan. Ya kawo shi cikin wani ɗan keji na waya, mai kewaye kamar ganga, da ƙugiya a bisa don rataya. Muddin falke na da rai, kejin nan wurin kwana ne kawai. Da safe ya kan buɗe ƙofa, aku ya fito, ya hau kafaɗarshi, su tafi zaure. Can yake wuni bisa wani reshe da aka kafa mashi, yana kallon masu shiga da fita, yana sa baki cikin hirar da ba tashi ba.

Da falke ya rasu, sai aka rasa mai buɗe ƙofa. Aku tsuntsu ne mai zaɓen mutum. Wanda ya saba da shi ya sosa mashi kai lafiya lau. Wanda bai saba ba, in ya miƙa hannu ya ga jini. Ɗan tsohuwa ya gwada sau ɗaya, bai sake ba. Tun daga ran nan wurin kwana ya koma wurin zama, dare da rana. Abinci bai yanke ba, ruwa bai yanke ba. Kowa a gidan yana ganin an ba tsuntsu hakkinshi.

Maganar saida shi kuwa, tsohuwa ba ta ko son a tada ta. Aku ya riƙe muryar mijinta. Yana yin tarinshi na asuba. Yana yin sallama irin tashi, mai jan ƙarshe. Wani lokaci da la'asar sai ya kira ta da sunan da falke kaɗai ke kiranta da shi, ya ce a kawo ruwa. Sau da yawa ta kan amsa kafin ta tuna. Hoton mijin guda ne a gidan, na takardar shaida, shi ma ya koɗe.

Bayan kamar wata bakwai, sai jikanta ya lura da gashi ƙarƙashin keji. Yaro ne ɗan shekara 12, ɗan lekol, ɗan ɗiyarta, shi ke zuba ma aku ruwa da safe. Kowane tsuntsu ya kan zubda gashi ya yi sabo, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma wannan gashin figo shi aka yi. Aku da bakinshi yake figar kanshi. Ya fara da ƙirji, ya gangara cinyoyi. Kai kaɗai ya tsira, don baki ba ya kai can. Alamar ke nan: in kai na da gashi cif, jiki kuwa babu, to tsuntsun ne ke yi ma kanshi.

Maƙwabta suka kawo nasu. Wata ta ce ƙwarƙwatar kaji ce, a barbaɗa mashi toka. Wani ya ce kambun baka ne. Wata ta ce ai takaba yake yi. Wasa take, amma ita ta fi kusa da gaskiya. Kawun yaro ya kira lokotoron dabbobi. Lokotoro ya duba, bai ga ƙwarƙwata ba. Ya ce figar gashi tana da dalilai da yawa: ciwon fata, ciwon ciki, abinci iri ɗaya, busasshiyar iska, kaɗaici. Sa'an nan ya dubi keji, ya daɗe yana dubawa, ya ce ma yaro:

"Samari, ɗauko abin awonka na lekol, ka auna wannan."

Yaro ya auna. Faɗi santimita 35. Tsayi santimita 50. To, tsawon aku daga kai zuwa wutsiya kamar santimita 33 ne, nauyinshi kamar giram 400. In ya buɗe fukafukai, daga wannan tsini zuwa wancan ya kan kai wajen santimita 50. Ku yi lissafin da kanku. Tsuntsu mai buɗa 50, cikin ɗaki mai faɗin 35. Wata bakwai ke nan bai miƙe fukafukanshi ba ko sau ɗaya. Ku ƙaddara an sa mutum cikin randa, ana miƙa mashi tuwo safe da yamma, ana cewa bai rasa kome ba. Wannan kuwa tsuntsu ne da ƴan uwanshi ke tashi garke guda kowace safiya, su yi tafiyar kilomita da yawa neman ɗiyan itace, su koma wurin kwana da marece.

Tsohuwa ba ta yarda nan da nan ba. Ta dubi jikanta, ta ce: "Haba angona, ai cikinshi ya zo, cikinshi ya yi shekara 20."

Yaro ya ce: "Kaka, kwana ya yi ciki. Wuni a zaure yake yi."

Ta yi shiru. Da dare ta kwance bakin zanenta, ta ba ɗanta kuɗi.

Wani zai ce, me ya hana a sake shi ya yi tafiyarshi? Magana ce mai daɗin ji. Amma a Damagaram babu kurmi, babu kwakwar manja da ire-iren ɗiyan itacen da aku ke ci. Tsuntsun da ya yi shekara 20 ana ba shi a kwano bai san inda ake samun ruwa ba. Kafin yunwa ta gama da shi, shaho ya riga ta. Sakin irin wannan aku kisa ne. Abin da ya rage shi ne a gyara mashi zama.

Yaro da kawunshi suka tafi kasuwar Dole neman keji. Akwai na kara da na tukurwa, masu kyan saƙa, waɗanda ake sa kurciya da tantabara. Waɗannan ba su riƙe aku. Bakinshi na tsaga itace kamar gizago, kwana biyu ya isa ya yi ma kanshi ƙofa. Akwai kuma na waya masu kewaye, ƙannen wanda ke gida, an shafe su da fenti ja da shuɗi. Mai saidawa ya ce: "Alhaji, wannan shi ne na aku, kowa shi yake saye." Bai yi ƙarya ba, kowa shi yake saye, don yana da kyau in an rataye shi a ƙofar kanti.

Keji mai kewaye ba ƙunci kaɗai ne laifinshi ba. Ba shi da kusurwa. Tsuntsu in ya tsorata yana son wurin da zai ja da baya, ya san babu abin da ke zuwa ta bayanshi. Cikin kewaye, ko'ina ya juya a fili yake. Sa'an nan ku dubi bisanshi. Wayoyin suna tahowa da tazara daga ƙasa, suna matsewa, har su haɗu wuri guda kamar jinkar ɗaki. Aku mai hawa ne. In ya sa yatsa inda ke da faɗi, ya zame zuwa inda ya matse, yatsa ya maƙale. Tsuntsu ya firgita, ya fizga, ya karye.

Kawu ya ce to ai abin mai sauƙi ne. A sa kafinta ya haɗa katako, a buga mashi ragar waya irin ta akurkin kaji. Babba, kuma da araha. Yaro ya tuna mashi abin da lokotoro ya faɗa game da ragar nan, kawu ya yi tsaki, amma ya saurara.

Ga abin da ke cikinta. Wayar ragar kaji an lulluɓe ta da wani ƙarfe da ake kira tutiya, don kada ta yi tsatsa. Tutiya ce ke ba kwanon rufin ɗaki da bokiti wannan farin ƙyalli. Kaza ba ruwanta, don kaza ba ta tauna gidanta. Aku kuwa da baki yake hawa. Kowace ƙafa tashi yatsu huɗu ne, biyu gaba, biyu baya, baki kuma shi ne ƙafa ta uku. Duk inda ya bi sai ya kama, ya lasa, ya ɓantara. Haka tutiya ke shiga cikinshi kaɗan-kaɗan, ta zama guba. Tsuntsu ya riƙa shan ruwa da yawa, ya yi amai, kashinshi ya yi kore, ya kasa tsayuwa bisa reshe, wani ma ya yi farfaɗiya ya mutu. Masu gida su ce ajali ne, su sayo wani, su sa shi cikin kejin nan dai. Wasu na wanke sabuwar raga da ruwan binegar da buroshi. Wannan yana ɗauke farin garin da ke bisa, amma tutiyar tana nan liƙe da waya. Kuma wayar siririya ce, aku na datse ta, ya bar tsini, ko ya haɗiye guntu.

Darma ta fi tutiya sharri. Ana samunta cikin wani fenti, balle tsoho, da cikin abin da masu gyaran bokiti ke narkawa su liƙe huda. Don haka kejin da aka shafe da fentin da ba a san irinshi ba, ko wanda aka liƙe da darma, a bar ma mai shi kayanshi, kome kyanshi.

Ƙarfen da ya fi dacewa shi ne wanda ba ya tsatsa, irin na cokula masu ƙyalli. Mai walda da suka je wurinshi ya ce sai an yo odarshi, ya faɗi kuɗin. Kawu ya yi dariya, ya ce ba ɗakin amarya za a yi ba. Suka tsaya ga sandunan baƙin ƙarfe, tsura, babu tutiya, babu fenti. Aibinsu tsatsa. Amma Damagaram ƙasa ce busasshiya, in keji na ƙarƙashin rufi, ana goge shi, ana kankare tsatsa da ta fara, zai daɗe. Ba shi ne zaɓi na farko ba. Shi ne wanda aljihu ya iya, kuma ba ya sa ma tsuntsu guba.

Sai maganar girma. Nan ne suka fi daɗewa. Mai walda ya zana a ƙasa wani dogon abu kamar hasumiya, siriri, mai tsayin mutum. Mutane na son dogon keji don ba ya cin wuri. Amma tsuntsu ba ya tashi tsaye kamar hayaƙi, a kwance yake tashi, daga wannan reshe zuwa wancan. Kuma kullum sama yake zama, ƙasan dogon keji banza ne, wurin tara kashi. Tsawo da faɗi su ne abin dubawa, tsayi ya biyo baya. Masu kiwon aku sun ce mafi ƙanƙanta da za a yarda da shi shi ne tsawo santimita 90, faɗi 60, tsayi 120. Wannan kuwa ga tsuntsun da ke fita yana shan iska kowace rana ne. Ba a taɓa jin keji ya yi ma aku yawa ba.

Yaro ya ce tsawon ya wuce buɗa fukafukai sau biyu, wato ya wuce 100. Aka sa 120. Faɗi kawu ya so a sa 90, tun da dai an shiga kashe kuɗi. Mai walda, wanda ya san gidajen Birni, ya tambaya: "Ta wace ƙofa zai shiga?" Yaro ya ruga gida ya auno ƙofar zaure. Santimita 78. Aka sa faɗi 70, tsayi 120, ƙafafu kuma a yi su daban, kamar tebur, a ɗora keji a bisa bayan an shiga da shi. Da ba a yi tambayar nan ba, da an fasa bangon da ya girmi kowa a gidan.

Tazarar sanduna ita ce abin da mutane ke mantawa, ita ce kuwa ke kashe tsuntsu cikin dare ɗaya. In ta yi faɗi, tsuntsu ya tura kai waje, ya kasa maido shi, ya shaƙe. In ta matse ƙwarai, yatsu su maƙale. Ga aku, santimita 2 zuwa 2 da rabi. Ba kowane tsuntsu ne haka ba. Tsirya, wadda ake gani a kudancin Nijar, koriya shar mai jan baki, tsawonta ya kai santimita 40, amma fiye da rabi wutsiya ce, kanta kuwa ƙarami. Tazarar da ta dace da aku tarko ce gare ta. Nata kada ya wuce santimita 1 da rabi, kuma a bar ma wutsiya wurin juyawa, in ba haka ba ta goge da sanduna ta kakkarye.

Mai walda ya so ya yi awo da ido, ko da yatsa biyu, yadda yake yin tagar ɗaki. Yaro ya ce yatsun ba ɗaya ba ne. Ya sami ɗan guntun katako mai kaurin milimita 20, ya ce a riƙa sa shi tsakanin sanda da sanda. Kaurin kowace sanda milimita 4, don abin da bai kai haka ba aku na lanƙwasa shi. To, 20 da 4 sun yi 24. Tsawon keji milimita 1200. A raba 1200 da 24, a sami 50. Sanda 50 ke nan a dogon gefe guda. Mai walda ya dubi kawu, ya ce: "Alhaji, wannan ɗan naka zai sa in ƙara kuɗi." Ya kuwa ƙara. A gajerun gefuna biyu aka sa sandunan a kwance, su zama tsani. Duk inda aka yi walda, yaro ya bi da yatsa, inda ya ji kaifi aka goge da magagari.

An yi babbar ƙofa a gaba, wadda aku zai fita bisa sanda ba tare da ya sunkuya ba. An yi ƙanana biyu a gefe, daidai kwanon ci da na sha, don tsohuwa ta sauya su ba ta sa hannu ciki ba. Ƙarƙashi akwai faranti mai zarewa, da sanduna a bisanshi, don kada tsuntsu ya taka kashinshi. Sakata kuwa ba ta isa ba. Aku na kallon hannun mai buɗewa, ya koya. Aka sa kwaɗo daga waje, da ɗan faifan ƙarfe a bayanshi yadda baki ba zai kai ba, don kwaɗo da mabuɗai ma sau da yawa akwai tutiya ko darma cikinsu.

Reshen zama ba a saye shi ba. Wani abokin kawu mai garka a Mirya ya aiko da rassan goba, waɗanda ba a fesa ma magani ba. Aka wanke, aka shanya. Tsohon keji sanda ɗaya gare shi, sumul, kauri ɗaya. Tsuntsun da ke riƙe abu guda dare da rana, tafin ƙafarshi na yin miki. Gara rassa uku ko huɗu, wani siriri, wani kakkaura, masu ɓawo da ƙulli. Mai kyau shi ne wanda yatsu za su kama fiye da rabinshi, amma ba su haɗu ba. Ba a sa reshe bisa kwanon abinci, kowa ya san dalili. Ba a sa tumfafiya, ko wani icce mai farin ruwa kamar nono. Kuma kada a cika keji da kaya har a cinye filin da aka sha wuya aka samo.

Da keji ya shigo gida, tsohuwa ta ce a ajiye shi kusa da murhu, inda take wuni, ta riƙa ganinshi. Rabin maganarta daidai ne: aku na son jama'a, in an kai shi bayan gida shi kaɗai an ƙara mashi ciwo. Amma hayaƙi maƙiyinshi ne. Ban da huhu, tsuntsu na da jakunkunan iska cikin jikinshi, abin da ya shaƙa na ratsa shi fiye da yadda yake ratsa mutum. Hayaƙin icce, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa da na fesawa, duk suna cutarshi. Kaskon suya na zamani, wanda abinci ba ya kamawa, in ya yi zafi ƙwarai yana fidda iskar da ba a gani, tana iya kashe tsuntsu nan take. Tsohuwa ta ce ita turarenta ba ta bari. Aka shirya: turare a ɗaka, aku a rumfa.

Rumfar zana ce, a tsakar gida, nesa da murhu. Aka jingina bayan keji da bango. Hantsi na taɓa gefe ɗaya, ɗayan kullum a inuwa, tsuntsu ya zaɓa. Ƙarƙashin rufin kwano ba wurin aku ba ne, don cikin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kwano kuma ya ƙara nashi. In kun ga tsuntsu ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai, zafi ya yi mashi yawa. Ɗan kurmi ne, ya saba da laima, don haka yaro ke yayyafa mashi ruwa mai tsabta da hantsi. Lokacin ɗari kuwa, in hunturu na busawa, a rufe gefe uku da zane da dare, a bar ɗaya don iska. Yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12, cikin duhu. Ƙafafun tebur aka tsoma cikin gwangwanaye masu ruwa saboda cinnaka. Tsayin tebur ya raba shi da ƙasa, inda mussa da ɓeraye ke yawo.

Kowace safiya yaro na zare faranti. Lokotoro ya ce ya yayyafa ruwa kafin ya kankare, kuma ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. Busasshen kashin aku in ya zama ƙura aka shaƙa, yana iya sa ma mutum zazzaɓi da ciwon huhu. Abinci ma an gyara. Da hatsi da gujiya kaɗai ake ba shi. Aka ƙara goba, mangwaro, gwanda da karas. Gujiyar da ta yi hunhuna guba ce. Goro, shayi, kofi, cakulan, avoka da abu mai gishiri, ba a ba shi, ko baƙo ya miƙa don wasa.

An gama kome, aku ya ƙi shiga. Ya dubi sabon ɗaki, ya kumbura, ya yi gurnani. Aku na tsoron sabon abu, balle tsoho irin wannan. Kawu ya ce a naɗe shi da tsumma a jefa ciki. Tsohuwa ta ce ba a yi ma muryar mijinta haka. Aka haɗa ƙofar tsohon keji da ta sabo, aka ɗaure, aka maida kwanon goba can ƙarshen sabo inda yake gani. Kwana uku yana miƙa wuya. Ran na huɗu ya shiga ya ɗauko ya koma. Sai ran na tara ya kwana ciki. Da gari ya waye ya kama reshe da ƙarfi, ya buɗe fukafukai, ya kaɗa, ya kaɗa, har farar ƙurar jikinshi ta tashi cikin hasken rumfa, kaji suka watse.

Figa ba ta tsaya ran nan ba. Fili kaɗai ba ya isar tsuntsu mai kai irin wannan. A Amurka wata masaniya, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana aiki da wani aku mai suna Alex, daga 1977 har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi fiye da 100, yana bambanta launuka da siffofi, yana ƙidaya abubuwa kaɗan. Halitta irin wannan in ba ta da aikin yi, sai ta koma ma jikinta. Yaro ya riƙa kawo mashi abin ɓarna: karan dawa, totuwar masara, sabon reshe mai ganye. Ya kan naɗe gujiya guda cikin takarda, aku ya sha wuya kafin ya kai gare ta. Kuma kowace la'asar yana miƙa mashi sanda, yana magana a hankali. Ya ɗauki fiye da wata biyu kafin aku ya taka sandar. Yanzu yana fita, cikin ɗaki a rufe, awa ɗaya ko biyu.

Ganin keji ya yi fili, kawu ya kawo shawarar a sayo mashi ɗan uwa. Wani ya ce mashi ana samu in an yi magana da masu zuwa kudu. Nan lokotoro ya taka mashi birki. Zamanin da falke ya sayo nashi ya wuce. An kama aku a kurmi har ya kusa ƙarewa a wasu ƙasashe. A Gana, bincike ya nuna daga 1992 zuwa wajen 2015, kashi 90 cikin 100 ko fiye sun ɓace, saboda kamu da saran itatuwan da suke sheƙa cikin kogonsu. Waɗanda ake kamawa kuwa, da yawa a hanya suke mutuwa, cunkushe cikin akwatuna. A 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johanasbag, cikin Afirka ta Kudu, ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, suka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Hanin ya fara aiki cikin Janairu 2017. Duk wanda ya ba da kuɗi a nan, ya aiki wani ya hau icce a can. Ban da haka ma, tsohon aku ba lalle ne ya karɓi baƙo cikin ɗakinshi ba. Kawu ya bar maganar.

Gashin cinyoyi ya dawo. Na ƙirji ma ya dawo, sai wani wuri ɗan kaɗan da ya rage fili. Lokotoro ya ce mai yiwuwa nan ba zai tsiro ba, don inda aka daɗe ana figa saiwar gashi ta kan mutu. Aku a hannun mutane na iya kai shekara 40 zuwa 60. Wannan bai kai 30 ba, tsohuwa kuwa ta wuce 70. Ita da kanta ta ce kada a sake barin mai buɗe ƙofa ya zama mutum guda. Ƙanwar yaro, ƴar shekara 8, ta fara koyo. Aku na karɓar yankin goba daga hannunta ta tsakanin sanduna, amma har yanzu bai yarda ya hau sandarta ba.